Bakin Ramlatu Mai Lalle

A unguwar Maourey aka haifi Ramlatu, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Ubanta direban babbar mota ne, mutumin Dogondutsi, ya rasu a hanyar Kwatano tana ƙarama. Uwarta, Tanti Salamatu, kayan yaji take sayarwa a kasuwar Petit Marché, kuma a gindin teburinta Ramlatu ta koyi magana: Hausa, Zabarmanci, ɗan Faransancin lakkwal, wato na makarantar boko, da irin zancen da matan kasuwa ke yi idan sun tabbata babu namiji kusa.

Ba ta yi nisa a karatu ba. Ta koyi zanen lalle, hannunta ya faɗa, aka fara kiran ta gidajen biki. Ta taɓa aure da wani tela, bai daɗe ba, ta dawo ɗakin uwarta babu ɗa babu rigima. Ko da aka tambaye ta abin da ya faru, sai ta ce allurarsa ce ba ta shiga zare, matan gidan suka yi dariya har wata ta zubar da ruwan tuwo.

Wannan bakin nata shi ya sa aka san ta. Lalle kam akwai waɗanda suka fi ta. Amma idan aka shigar da ita ɗakin amarya, ta tarar da yarinya ta sandare don tsoro, sai ta kama ƙafarta ta fara zane, ta fara ba ta labarin abin da ke jiran ta a gidan miji, ba ta sakaya komai. Akan rufe ƙofa a sa sakata. Tsofaffi su riƙa cewa a'uzubillahi suna toshe baki da mayafi, amma babu mai tashi ta fita. Kafin lallen ya bushe amarya ta saki jiki.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, rabin maganganun nan ba nata ba ne. Na Iklima ne, ƙawarta tun ajin farko, wadda ke ɗinki a wani shago a kasuwar Katako. Iklima mai shiru ce, ko gaisuwa sai an kasa kunne. Takan zauna a bayan Ramlatu tana riƙe da kwanon lalle, ta raɗa mata abu a kunne, Ramlatu ta ɗaga murya ta faɗa, ɗaki ya ɗauka. Haka suka taso. Tare suke cin kopto, kwaɗon ganye, da rana, tare suke zuwa foyandi, taron matan unguwa na ƙarshen mako, kuma idan aka ga ɗaya ita kaɗai sai a tambayi lafiyar ɗayar.

Iklima tana da ɗan'uwa, Abdoulkarim, mai ɗaukar bidiyon bukukuwa. Ya daɗe yana jin dariya ta bayan ƙofa ba a barin sa shiga. Shi ya kawo shawarar su yi fim na barkwanci a kan ƙawaye masu shirya bikin ƙawarsu. Iklima za ta fito amarya, Ramlatu babbar ƙawa, sai Zalika, wata mai kitso a layinsu, ta zama ta uku. Ramlatu ta yi jinkiri kaɗan. Iklima ce ta matsa mata, ta ce ai abin da suke yi kullum ne, bambancin kawai kamara.

A gidan yayar Zalika suka ɗauka, cikin zafin bazara, wuta na zuwa tana ɗaukewa. Labarin ba shi da wuya. Tela ta ɓata anko, rigar babbar ƙawa ta yage ta baya a gaban dangin ango. Abincin walima ya lalata cikin kowa, mata goma sha suna kokawa a ƙofar banɗaki ɗaya. Gwaggon ango ta shanye tulun haɗin da aka dafa wa amarya, ta bi tsohon makaɗi da gudu har waje. Sai wurin da ya fi kowane, inda babbar ƙawa ta ɗauko turmi da taɓarya ta zaunar da amarya tana koya mata darasi. Amarya na lulluɓe, ba a ganin komai sai kafaɗunta da ke rawa don dariya. Sau da yawa sai an sake ɗauka saboda Abdoulkarim kansa ya kasa riƙe kamara. Ramlatu ta sha faɗa daga baya cewa ba ta taɓa jin daɗin duniya kamar a makonnin nan ba.

Fim ya fita, ya bi wayoyi. Da farko abin sai murna. Mata na tare Ramlatu a kasuwa suna rungume ta, har daga Maraɗi da Damagaram aka riƙa kiran Abdoulkarim. Daga nan wani ya yanke wurin taɓaryar shi kaɗai, ya cire labarin, ya bar fuskar Ramlatu da bakinta. Wannan guntun ya je inda fim ɗin bai je ba. Ya shiga fadar samari, ya shiga tashar mota, ya shiga hannun mazan da matansu suka sha dariyar maganganun nan a ɗaki ba su taɓa sani ba.

Ƴan kabu-kabu suka sa mata suna Madam Taɓarya. Idan ta wuce sai wani ya maimaita kalamanta da ƙarfi, sauran su sheƙe. Wani magidanci ya bi ta har ƙofar gida yana tambayar ko tana koyar da maza. Wani mai wa'azi ya yi magana a rediyo a kan zawarawan da suka zubar da kunya, bai kama suna ba, kuma babu wanda ya buƙaci ya kama. Tanti Salamatu ba ta yi mata faɗa ba. Ranar da maƙwabciyar teburinta ta nuna mata guntun, ta dawo gida ta ajiye kwandonta, ta zauna ta kira Ramlatu.

"Abin ɗaki ne, Ramlatu," ta ce. "Ni ma na yi irinsa, uwata ma ta yi. Amma mu da ƙofa a rufe muka yi."

Ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Kiran biki ya ragu, sannan ya tsaya. Amare na son ta, iyayensu mata ma na son ta, amma kowa na tsoron abin da dangin ango za su ce idan aka gan ta. Abdoulkarim ya sauke fim ɗin daga inda ya sa shi, ya zo ya ba da haƙuri, ya ci gaba da ɗaukar bukukuwansa, har aiki ya ƙaru masa. Zalika ta bi mijinta Lome. Iklima kuwa babu wanda ya gane ta, tunda a lulluɓe ta fito. Ta ci gaba da zuwa wurin Ramlatu kullum bayan ta rufe shago, ita kaɗai ce ba ta canja ba.

Da shekara ta zagayo, wani mai sayar da katako, Halidu, ya fito neman Iklima. Mutum ne natsattse, daga gidan malamai. Ramlatu ta ɗauki bikin nan kamar nata. Ita ta zaɓi atamfar anko, ita ta zagaya da Iklima neman gado da labule da tukwane, ita ta samo matan da za su yi girki, ta yi rigima da mai hayar kujeru. Waɗanda suka gan ta a lokacin sun ce ta dawo kamar da, tana tafe tana zuba.

Ana saura mako guda, Iklima ta zo da la'asar. Ba ta cire takalmi da sauri kamar yadda ta saba ba. Ta zauna a bakin katifa tana murza gefen hijabinta, ta yi zancen kujeru, ta yi zancen zafi, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. An nuna wa uwar Halidu guntun bidiyon, an gaya mata Ramlatu ce babbar ƙawar amarya. Hajiya ta ce matar nan ba za ta taka wurin bikin ɗanta ba, ba kuma za ta riƙa shiga gidansa ba.

"Na rasa abin da zan ce, ƙawa. Wallahi bakina ya mutu."

Ramlatu ta dube ta. "Ta san ke ce a cikin lulluɓin?"

Iklima ta girgiza kai.

"Halidu fa?"

"Shi ma."

"To kada ki faɗa. Ki bar shi a haka."

Iklima ta fara kuka. Ramlatu ba ta rarrashe ta ba, ba ta kuma yi fushi ba. Ta tashi ta duba garin lallenta, ta ce mata ta dawo jibi da safe, nan ɗakin, babu wadda za ta zana ƙafar nan sai ita.

Ta dawo. Su biyu ne kawai, Tanti Salamatu ta tafi kasuwa. Ramlatu ta yi mata zanen da ba ta taɓa yi wa kowa ba, tun daga yatsu har ƙwauri, ta ɗauki rabin yini a kai. Can Iklima ta roƙe ta ta faɗi wani abu, ko ɗaya, yadda take yi wa sauran amare. Ramlatu ta buɗe baki, ta nema, ba ta samu ba. Ta ce mata ta daina motsi kada lallen ya caɓe.

Ranar ɗaurin aure Ramlatu ta sa ankon a ɗaki, ta ɗaura kallabi, ta zauna. Daga Maourey ana jin hon ɗin motocin kai amarya idan sun hau babban titi. Da suka wuce ta cire kayan ta ninke, ta ba wata yarinyar gidan.

Sun ci gaba da waya na ɗan lokaci, a gajarce, idan Halidu ya fita. Bayan haihuwar fari ya mayar da kasuwancinsa Tawa, ya tafi da iyalinsa, kiran ya koma na salla zuwa salla. A wannan tsakanin ƙafafun Tanti Salamatu suka fara kumbura, ciwon suga ya kama ta, Ramlatu ta karɓi teburin yajin. Ta iya ciniki, ba ta da faɗa, amma waɗanda suka san ta da can sukan ce kamar wata ce daban. Guntun bidiyon ya tsufa, wasu sababbi sun danne shi. Jefi-jefi dai wani yakan tsaya yana sayen citta, ya ƙura mata ido, ya yi murmushi, ita kuwa ta ƙulle masa kayansa ta miƙa.

Bara Tanti Salamatu ta rasu. Ranar sadakar uku Iklima ta shigo gidan da ƴarta a hannu. Ta yi ƙiba, ta yi haske. Ta durƙusa ta yi gaisuwa kamar kowa, ta zauna cikin mata a kan tabarma, kusa da Ramlatu amma ba jiki da jiki ba. Suka yi zancen ciwon, da yadda aka yi jinya, da hanyar Tawa. Iklima ta ce wa yarinyar ta gaida Tanti Ramlatu, yarinyar ta ɓuya a bayanta. Ba a jima ba wayarta ta yi ƙara, Halidu ne a mota a bakin layi.

Ramlatu ta raka ta har zaure. A nan Iklima ta riƙe hannunta, ta ce in sha Allahu za ta dawo ta kwana biyu, su zauna sosai. Ramlatu ta ce Allah ya sa, ta gaida mutanen gida. Ta tsaya har suka sha kwana, sannan ta koma ciki, domin wasu baƙi daga Dogondutsi sun iso kuma ba a kai musu ruwa ba.