Layukan da Zara'u Ta Ƙi Gogewa

Kullum da hantsi za ka iske Zara'u Ɗahiru gaban kwamfuta, shayinta ya huce, idonta na kan lambobi. Ɗalibar bincike ce a jami'a. Aikinta shi ne tantance dubban sinadaran da na'ura ke ganowa cikin fitsarin yaran ƙauyukan Tasawa da Mayahi, don a gane abin da ke hana su girma. Mahaifiyarta kuwa har gobe cewa take, "Tana can birni tana kallon talabijin, wai karatu!"

Bara sakamakon yara goma sha ɗaya ya saɓa da na sauran. Malaminta ya leƙa sau ɗaya, ya ce kuskuren na'ura ne, ya umarce ta ta goge layukansu. Zara'u ba mai musu ba ce, amma sai da ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk na ƙauye guda ne can bayan Maijirgi, kuma abin da ke ciki ya yi kama da dafin fumfunar gyaɗa. Layi na bakwai yarinya ce 'yar wata ashirin. Hannun Zara'u ya ƙi gogewa.

Ta nemi izini, ta hau mota, ta ƙarasa da amalanke. Ma'aikaciyar lafiyar ƙauyen ta kai ta gidan Hussaina, uwar yarinyar. Suka tarar tana tsintar gyaɗa, ta ware ta kashi biyu, mai kyau da baƙa.

"Inna, baƙar nan fa?"

"Mai kyawun ta kasuwa ce, ɗiyata. Wagga da munka hidda, kunun yara muke damawa da ita. A zubda abinci?"

Tausayi ya kama Zara'u, don ita ma da irin kunun nan aka yaye ta. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Kwana uku ta yi kan tabarmar matan, hannunta cikin tsinta, tana nuna musu wadda bai kamata ta shiga tukunya ba. Gwajin da aka sake daga baya ya gaskata ta.

Zara'u, ke ce mai haƙurin da ba a yi wa guɗa. Sunanki can ƙasan rahoto yake, da ƙananan baƙaƙe, amma mun gani, mun gode. Allah Ya saka miki.

Ku kuma masu zama gaban lambobi, ku yi koyi da ita: kafin ku goge layi, ku tuna ɗan wani ne. Ta bakwai ɗin sunanta Samira. Bana Hussaina ba ta iya kamo ta in ta sheƙa da gudu.