Alu, Mai Sauraron Inji da Haƙora

Daren da na fara kwana a Gamkalley, unguwar bakin gulbi a Yamai, bayan lisha kaɗan, na ji wani sauti ta bayan katanga, kamar tsofaffi biyu suna minshari a ɗaki guda, wannan ya ja wancan ya saki, ba sa haɗuwa. Can sai suka riƙa matsowa kusa da juna har suka zama numfashi ɗaya. Na kwanta ina tunanin ko aljanun gulbi ne suka shirya bayan faɗa. Da safe na leƙa, sai ga rumfar kwano, da moto a jingine, da wani siririn mutum yana wanke hannu da toka. Alu ke nan, makanisen moto, wato mai gyaran babur, Bagobiri daga wajen Maradi. Tun gemunsa yana baƙi muke maƙwabtaka, yanzu ya yi fari fat.

Kullum sai ya share ƙofar garajinsa ya yayyafa ruwa kafin ya jera kayan aiki a kan buhu. Ba ya taɓa moto sai ya saurare ta. Mai ita yana ta bayani, shi kuwa idonsa a ƙasa, kunnensa wajen injin. Har sojoji, a wannan zamani da ganin kakinsu ke sa mutum ya gyara zama, sukan turo manyan motocinsu su zauna a benci su yi tsit, domin Alu ba ya aiki cikin surutu.

Karatuna bai yi nisa ba, amma zama kusa da shi ya koya mini abu ɗaya. Akwai moto mai silinda biyu, kowace da nata karburato, wato maƙogwaron da ke haɗa mata iska da isansi, man fetur ke nan. Idan ɗaya ta fi 'yar'uwarta shaƙa, sai moto ta yi ta rawar ɗari, ta ƙi tashi da safe, ta mutu a tsaye. Alu yakan ɗauki guntun tiyo, baki ɗaya a kunnensa, ɗayan a bakin karburato. Ya ji wannan, ya ji wancan, ya murɗa 'yar ƙusa da turnubis, wato sukudireba, kamar faɗin gashi, ya sake ji. Minsharin da na ji a daren farko ke nan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru bara, shekarar da gulbi ya tsaya a Yamai har mutane suka riƙa taka ƙasansa da ƙafa. Damina ba ta ba da komai ba, gwamnatin soja ta ce kowa ya koma noman rani. Zeinabou, wadda mijinta malamin dabbobi ya rasu ya bar ta da yara, ba ta da abin dogaro sai garkarta ta shu, wato kabeji, da albasa da salati. Ruwa ya gudu can tsakiyar yashi, inda ɗauka da ka ba zai shayar da garka ba. Danginta sun riga sun yi magana: in garkar ta mutu, za a raba yaran gida-gida, wasu Maradi, wasu Damagaram.

Alu ne ya ɗora moton marigayin, mai silinda biyu, a kan turaku, ya cire robar ƙafar baya, ya sa bel ya haɗa da famfo. Ruwa ya hau. Jibo, Bazabarmen da garkarsa ke jikin ta Zeinabou, abokin wasan Alu kamar yadda Bazabarme da Bagobiri suka gada, shi ke tayar da injin, shi ma yana samun rabonsa. Ana haka isansi ya yi wuya. Wata safiya moton ta ƙi tashi, da ta tashi kuma ta yi ta jijjiga har bel ya zame. Kafin a kira Alu, ganyen shu ya kwanta kamar kunnen akuya. Na bi shi, domin ni ba a barina a baya in za a buɗe cikin wani abu.

Ya duba, ya ɗago kai. "Wa ya taɓa wagga ƙusa?"

Jibo ya sosa ƙeya. "Ni ne, Bagobiri. Kowa ya rage ci a garin nan. Gidana ma sau ɗaya ake ɗora tukunya. Na ce baki biyu ya yi wa ƙarfe yawa, na toshe ɗaya."

"Allah ya shirye ka, bawana. Ka taɓa ganin an haɗa shanun huɗa an ɗaure bakin guda? Wanda ka hana ya faɗi, ɗan'uwan ya ja garma ya ja gawa."

"To ai ga ubangijin shanun ya zo," in ji Jibo. "Kwance masa."

Muka yi dariya, ban da Zeinabou. Alu ya wanke karburaton biyu, ya goge buji, wato fulogin da ya yi baƙi, ya tayar da injin, ya ɗauko tiyonsa. Ya sa a kunnen dama. Ya mayar hagu. Ya sake mayarwa dama, ya daɗe. Mun jima muna lura cewa sai an maimaita masa sallama yake amsawa, amma ba wanda ya taɓa faɗa. Ranar nan muka ga hannunsa riƙe da turnubis a kan ƙusa, bai san ta inda zai murɗa ba. Shekarun ƙarar inji sun cinye kunnen da yake ci da shi.

Zeinabou ta durƙusa gefensa. "Baba, in ba ta gyaruwa ka gaya mini gaskiya, in aika a zo a ɗauki yaran tun ina da abin yi musu guzuri."

Alu, kai ne ka ajiye tiyon nan a kan yashi. Kai ne ka juya turnubis, ka ciji ƙotarsa ta itace, ka ɗora tsininsa a jikin karburato, ka rufe ido. Na ga gemunka yana rawa tare da injin. Ka ɗaga, ka ɗora a kan ɗayan, ka miƙa hannu Jibo ya ba ka wuƙarsa, ka murɗa ƙusar da bakinta. Rana ta take, gumi yana ɗiga daga hancinka a kan ƙarfe mai zafi, kai kana tafiya tsakanin maƙogwaro biyu kamar mai sasanta 'yan'uwan da suka daina gaisawa. Na tambaye ka daga baya me ka ji, ka ce ba ji ba ne, bugu ne ke hawowa ta muƙamuƙi har cikin ka. Har yau ina mamakin wannan hanya da Allah ya ɓoye a jikin ɗan Adam.

Wajen la'asar jijjigar ta kwanta. Bel ya kama, tiyon famfo ya yi tari, ya tofo laka, sannan ruwa ya biyo. Salatin da ke can ƙarshen garka bai tashi ba, ya riga ya ƙone. Shu da albasa kuwa sun rayu, sun kai Babbar Kasuwa, kuma ba a raba yaran Zeinabou ba.

Watan jiya Alu ya rufe garaji. Ya ce haƙora sun fitar da shi kunya sau ɗaya, amma ba zai karɓi moton mutane yana lalube ba. Mun gode, Alu, sarkin haƙuri, mai raba iska da adalci. Allah ya saka maka, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma masu koyon gyara a Yamai, daga Gamkalley har Banifandou, ku je ku zauna kusa da shi tun yana nan. Ba ya rowar sani. Ku koyi yin shiru kafin ku ɗauki ƙarfe, ku koyi tsayawa a kan aikin da rayuwar wani ta rataya a kansa, ko da abin da kuka dogara da shi ya ƙi ku.

Ranar da ya kwashe kayansa, Zeinabou ta zo da kwandon albasa, yaranta duka suna bayanta. Ta durƙusa a ƙofar rumfar, ta yi magana mai tsawo a hankali, ta ambaci sunan kowane yaro. Alu yana zaune a benci yana kallon bakinta, yana murmushi, yana gyaɗa kai. Da ta tashi suka tafi, Jibo ya matso kusa da mu, ya rage murya.

"Wai ya ji abin da ta ce kuwa?"