Adireshin Da Ba Ni Na Buɗe Ba

Ina cikin yi wa wata mata fotokwafin takardun asibiti a shagonmu da ke Gumel, ranar wata Alhamis bayan azahar, wayata ta yi ƙara. Muryar wani ce da ban sani ba, ya tambaya ko ni ne yayan Nura. Na ce ni ne. Ya ce in yi haƙuri in taho, babur ɗinsa ya haɗu da babbar mota a hanyar dawowa daga Maigatari. Ban tambaya ko da sauran numfashi ba, yadda ya ce in yi haƙuri ya ishe ni. Na ƙarasa wa matar takardunta, na rufe shago. Kafin magariba mun kai shi makwancinsa.

Shekara huɗu ke nan. Ba labarin rasuwar zan ba ku ba, kowane gida yana da irin tasa. Abin da ya biyo baya zan faɗa, kuma wallahi da ni ya faru, ban ƙara ba ban rage ba. Ni ba mai gane-gane ba ne, ko mafarki ban cika tunawa da shi ba.

Nura ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni daga sakandare na tsaya, shi ya yi karatun kwamfuta ya dawo ya ajiye teburinsa a shagona, yana buɗe wa mutane shafin intanet: masu riɗi da zoɓo na Maigatari, wata makaranta a Sule Tankarkar, da 'yan ƙungiyoyi. Dole ya sa ni koyon aikin. Yakan ce, "Yaya, fotokwafi ba sana'a ba ce, danna maɓalli ne, ko akuya aka koya wa za ta yi." In ce masa akuyar ce ta saya masa kwamfutar. Da misalin gida ya koya mini. Domen, in ji shi, sunan gida ne da kake yi wa rajista. Hostin shi ne filin da ginin yake zaune. Sabdomen kuma ɗaki ne a cikin gidan, ka rubuta sunan ɗakin, ka sa ɗigo, sannan sunan gida ya biyo. Akwai wani shafi na saiti mai layi-layi, kowane layi da sunan ɗaki da lambar na'urar da yake nunawa da ranar da aka rubuta shi. Idan ka canza lamba sai ka jira, ba nan take duniya ke ji ba, ya ce kamar sanarwar ɗaurin aure ce, sai ta zaga dangi.

Yana da wata al'ada tasa. Ya yi wa gidanmu domen da sunan kakanmu, duk yaron da aka haifa a gidan, idan an raɗa suna, sai ya buɗe masa ɗaki da sunansa ya sa hotonsa. Mata suna dariya suna cewa Nura ya raba wa jarirai gado a sama. Yaran tara ne, duk nawa da na 'yan'uwanmu mata. Shi bai samu nasa ba tukuna. Ya rasu matarsa Hadiza tana da cikin wata bakwai.

Bayan sadakar bakwai na zauna a teburinsa, tunda ayyukan mutane suna hannunsa. Wayarsa ta ragargaje a hatsarin, sai da na yi ta kai-kawo da kamfanin hostin ɗin, da takardar shaidar rasuwa da komai, kafin suka mayar da asusun kan lambata. Na canza kalmar sirri, ban gaya wa kowa ba. Daga ranar, duk wanda zai shiga sai an turo wata lamba a wayata ya rubuta. Ku riƙe wannan, don a kansa na yi ta juya tunani.

Hadiza ta koma gidan iyayenta a Gagarawa. Wata Talata da hantsi babanta ya kira ni ya ce ta sauka lafiya, an samu mace, ƙarfe tara da kaɗan. Na yi hamdala. Na kira Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya ce in same shi a tasha bayan azahar mu tafi tare. Kafin lokacin akwai wani aiki da Nura ya bari rabi, na mayar da shafin wani mai riɗi zuwa sabuwar na'ura, na ce bari in canza lambar in tafi, kafin in dawo ta zaga. Na shiga, na gama. Ban san abin da ya sa na danna domen ɗin gidanmu ba, wataƙila don in ga inda na jaririyar zai zauna.

Layukan yara tara na san su kamar yatsun hannuna. Ranar na ga goma.

Na goman an rubuta yusura, da ƙananan baƙaƙe kamar yadda ake rubutawa, yana nuni ga na'urarmu daidai, ba kuskure ko ɗaya a lambar. A gefe ranar da aka rubuta: yau, ƙarfe tara da minti goma sha biyu. Na duba wayata, ba wata lambar shiga da aka turo da safen sai wadda na nema da kaina. A gidanmu babu Yusura, a dangin Hadiza ban taɓa jin ta ba. Na buɗe adireshin a wani shafi, fari fat, ɗaki ne ba kaya. Na ce innalillahi, a hankali, don akwai mutane a shagon. Na rufe kwamfutar na tafi tasha.

A mota Baffa ya ce, "Ka san kai za ka yi huɗuba. Babban wa uba ne."

Na ce, "To Baffa. Wane suna?"

Ya dube ni kamar na tambayi hanyar gidanmu. "Wane suna kuma? Marigayiya uwarku ce ta dawo. Da namiji ne da uban aka mayar."

Na ce, "Idan kuma shi marigayin yana da wanda yake so fa?"

"Ya gaya maka?"

Me zan ce wa dattijo, kwamfuta ce ta gaya mini? Ya ce, "Wanda ya tafi ya gama zaɓe, ɗana. Addu'a ce tasa."

Har muka isa Gagarawa sunaye biyu ne a bakina. Idan Nura ne ya rubuta layin, ta wace hanya ban sani ba, to haƙƙinsa ne, 'yarsa ce guda ɗaya a duniya, kuma ni kaɗai na gani. Idan ba shi ba ne, to wa zan bi in raɗa wa marainiya suna? Aka miƙo mini ita a zaure cikin zani, ba nauyi, goshin nan nasa sak. Na yi mata kiran salla a kunnen dama, na yi iƙama a hagu. Baffa ya yi gyaran murya. Sai na faɗi sunan Innarmu.

Washegari na rubuta wa kamfanin. Suka amsa da ladabi cewa daga cikin asusuna aka ƙara layin, amma a rajistarsu ba su ga shigar kowa ba a wannan lokacin, suka ce in canza kalmar sirri, suka kuma tambaya ko ina so su goge mini shi. Na ce su bar shi.

Ranar suna, bayan an watse da yamma, na shiga ciki in yi wa Hadiza sallama. Kun san mace ba ta kiran sunan surukarta, dole a sakaya. Matan gida tun safe suna ta Ummi, wasu Mama, wata gwaggonta ta dage sai Hajiya ƙarama. Ina tsaye a bakin ƙofa jaririyar ta fara kuka, Hadiza ta ɗauke ta tana jijjigawa, na ji ta ce, "Yi shiru Yusura, yi shiru, ga Baba ya zo."

Na ce, "Me kika kira ta?"

Ta ce, "Yusura, Yaya. Ko bai yi ba ne?"

"Ya yi. A ina kika samo shi?"

"Wallahi ban sani ba. Tun da aka ɗora mini ita a ƙirji na dube ta, shi ya zo bakina."

Na ce, "Nura ya taɓa ambatarsa?"

Ta yi murmushi irin na mai riƙe hawaye. "Shi da ya rantse namiji ne? Har ƙwallo ya saya. Ko sunan mace ɗaya bai yarda mun yi maganarsa ba."

Gwaggon ta ce sunan 'yan zamani ne, ba zai bi ta ba. Ya bi ta. Yau ko Baffa Yusura yake cewa.

Na tambayi wani abokin karatun Nura da ke wannan aiki a Kano, ban gaya masa sunan ba, na dai ce layi ya fito da kansa. Ya lissafo mini hanyoyi uku da hakan ke faruwa, muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta dace. Ya ce to Allah ne masani. Nan na tsaya ni ma. Ban ce Nura ne ba, na san mamaci ba ya dawowa. Abin da na gani na faɗa.

Shawarata ga masu wannan sana'a, kada asusun mutane ya zauna a kan mutum ɗaya da wayarsa ɗaya, ku nuna wa wani naku tun kuna da rai. Abin da kuma kuke so ga iyalinku, ku faɗa da baki a gaban shaida, kada ku bar na baya da zato. Idan kun ga abin da ba ku gane ba a cikin saiti, kada ku yi saurin gogewa.

Yarinyar ta shiga makarantar rainon yara bana. Duk sanda na je Gagarawa sai Hadiza ta ce, "Yaya, yaushe za a yi wa Yusura nata shafin kamar sauran?" In ce mata ina nan tafe da shi. Aikin bai fi minti biyar ba, hoto kawai zan ɗora, adireshin yana nan yana jira. Sau biyu na zauna zan yi na tashi. Har yau ban ɗora ba, kuma ban gaya wa uwarta abin da na gani ba.