Kwanon Ƙarƙashin Gado

Shekarun baya, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, uwar mijina ta faɗi a bakin murhu a gidanmu na Kwandiko, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Aka kai ta asibiti Birnin Kudu. Damina ce, maigida ba shi da halin barin gona, jinya ta faɗo kaina, ga goyo a baya.

Ni kuwa tun da aka kawo ni gidan, Inna ba ta taɓa ganin lomata ba. Haka aka rene mu, ba a cin abinci gaban suruka. A gida sai in shige ɗakina, a asibiti ina zan shige? Tsoro nake in fita ta ƙware, ko ta zamo daga gado ba kowa kusa. Sai in ba ta nata, in tura kwanona ƙarƙashin gado, wai sai ta yi barci. Barcin kuma ba ya zuwa, tuwon ya yi tsami.

Da kwana ya tura na fara ganin jiri. Nono ya ja baya, 'yata ta kama ta saki, ta yi ta kuka. Hankalina ya tashi ƙwarai. In na faɗi, wa zai ɗaga Inna, wa zai shayar da yarinyar? Amma ko a raina ban kawo buɗe kwanon ba, wautata ta kai nan.

Wata rana da azahar na gama ba ta koko, ta ce da harshenta da ya yi nauyi, "'Yar nan, juya ni bango."

Ga shi kan ɓarin da ya shanye za ta kwanta. Na ce, "Inna, wani wajen ke ciwo? In kira malamar asibiti?"

"Juya ni dai."

Na juya ta da ƙyar. Na leƙa in ga ko tana numfashi. Can ta ce, fuskarta a bango, "To, yanzu ba na ganin kowa. Ina so in ji ƙarar murfin kwanon nan."

Na ci ina hawaye, na suɗe tas. Kullum haka muka riƙa yi har aka sallame mu, kuma har ta bar duniya ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Yau in na je dubiya, ina gama gaishe da mara lafiya sai in tambayi mai jinya ko ta ci abinci. In ta ce ta ci, sai in sunkuya in duba ƙarƙashin gado.