Waken Ƙanena a Cikin Toka

Shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki aka ce ƙanena ya tashi daga gidan gwamnati da yake zaune a GRA, sababbin manya za su shiga. Kafin ya samu haya ya kwaso kayansa ya jibge mana a gidanmu na Ƙofar 'Yandaka. A ciki har da wani kwali cike da ƙananan ambulan, kowanne da rubutu a bayansa da ɗan wake a ciki wanda bai kai cikin tafin hannu ba.

Malamin gona ne. Shekara shida yana barbarar furen wani wake da na wani, yana zaɓe yana sake shukawa. Ya ce akwai abin da ke cikin wake mai kumbura ciki, mai hana jiki morar amfaninsa, shi yake son ragewa. Ni kuwa ba na raga masa. Nakan ce duk bokon nan a kan abin da 'yar kanwa ke magancewa? Sai ya yi dariya ya ce Inna zai fara dafa wa, don mahaifiyarmu na son wake amma ba ya barin cikinta lafiya.

Da zai yi tafiyar mako biyu ya roƙe ni kada a taɓa kwalin. Na ce to, ina taɓe baki.

Ana nan na leƙa, na ga ƙwaro ya huda wake a ambulan guda. Raina ya ɓaci. Mutum da digiri bai san yadda ake ajiyar wake ba! Na tankaɗe toka, na zazzage ambulan ɗin kaf a cikin tulu, na cakuɗa, na liƙe bakin da laka, yadda kakarmu ta koya mini. Takardun kuwa na hura wuta da su. Har maƙwabta na ba labari, ina alfahari.

Ranar da ya dawo, bayan la'asar, ni da kaina na ja shi na nuna masa tulun. Ya dube shi, ya juyo gare ni.

"Yaya, ina takardun?"

"Mi za ka yi da su? Ga wakenka nan, ko ƙwara ɗaya ba ta ɓata ba."

Sannan ya yi mini bayani a hankali. A cikin ambulan ɗin uku ne kawai suka yi abin da yake nema, sauran na gwaji ne. Dukansu farare ne, girmansu ɗaya. Rubutun nan ne kaɗai ke raba su.

Da ya zage ni da na samu sauƙi. Bai yi ba, ni ce babba. Ya fasa bakin tulun, ya juye a faifai, ya zauna yana hure toka yana jujjuya waken da yatsa, alhali ya san ido ba zai gane komai ba. Kunya ta hana ni tashi.

Inna ta leƙo daga ɗaki, ta ga faifan a gabansa, fuskarta ta washe. Ta tambaya ko waken nata ne ya iso.

Na buɗe baki zan faɗi abin da na yi, ya riga ni.

"Da saura, Inna," ya ce. "Ni ne ban gama aikin ba."