Makin Rufa'i da Bakinka Ya Kasa Faɗa, Malam Bubayero

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Maris, 1958, cikin watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Malam Bubayero, tsohon hedimastan makarantarmu ta Kankiya, a gidansa na Kusada. Malam, ni Lawal, ɗalibinka, na ɗauki alƙalami ne cikin baƙin ciki, amma haƙiƙa fushina ya rinjayi baƙin cikin.

Malam, kai ne ka tako har gonarmu a Fakuwa, ka tsuguna a kan kunya kana taya mahaifina cirar ciyawa, har sai da ya amince in shiga boko. Kai ne kake raba mana fura a kwanonka idan darasin lissafi ya kai mu azahar. Wannan kowa ya shaida. Akwai abin da kowa ya sani kuma aka haɗa baki aka binne, shi zan tono.

A shekarar da muka rubuta jarrabawar shiga kwaleji, gurbi ɗaya tak aka ba makarantarmu. Ƙa'idar Baturen makarantu na lokacin ita ce hedimasta ya miƙe a gabansa, ya kira sunan kowane ɗalibi, ya faɗi makinsa da baki, ya yi shaidar halinsa. Wanda malaminsa bai tsaya masa ba, ba a duba shi. Rufa'i, ɗanka na fari, shi ya zo na ɗaya da maki tamanin da takwas. Ni na bi masa da saba'in da huɗu.

Da ka zo kaina, muryarka har bakin kasuwa. Da aka zo kan Rufa'i, sai ka sunkuyar da kai. Kai Bafillace ne mai kunyar ɗan fari. Tun da aka haife shi bakinka bai taɓa furta sunansa ba, balle ka yabe shi a gaban hakimi da dattawa. Bature ya tambaya har sau biyu. Abin da ka iya cewa kawai shi ne, "Wanga yaro, to, yana nan dai."

Bature ya ɗauki wannan a matsayin malami ya yanke ƙauna daga ɗalibinsa, ya tsallake shi, ya ba ni gurbin. Jahilcin baƙo game da al'adarmu jahilci ne murakkabi, amma shi baƙo ne. Ummaru tafinta fa? Yana tsaye, ya san ma'anar wannan shiru kamar yadda ya san sunansa. Jumla ɗaya ta Turanci ta isa ta warware mas'alar. Ya ƙi, don kada a ce ya gyara wa Bature zance. Dattawan da ke zaune su ma suka zuba ido. Wannan ba ladabi ba ne, tsagwaron ragwanci ne da aka naɗa masa rawani.

Washegari ka hau keke zuwa Katsina, aka ce maka an rufe magana. Ka dawo ka ci gaba da koyarwa, ba ka taɓa nuna mini ko a fuska cewa kujerar ɗanka na hau ba. Ranar tafiyata ma kai ka ɗaure mini akwati.

Abin da ya tunzura ni shi ne zaman makokinka. Ummarun nan, da carbi a hannu, ya buɗe baki ya ce, "Allah sarki Malam! Ya karantar da ɗiyan mutane, nashi ya gagare shi." Rufa'i na zaune gabansa yana karɓar gaisuwa.

Na miƙe na ce, "Baba Ummaru, wa ya gagari wa? Ka faɗa wa jama'a makin Rufa'i, tunda a gabanka aka yi!"

Wani dattijo ya ja mini riga. "Kai ɗan boko, zamna! Gidan mutuwa ne, ba kotu ba."

Na zauna saboda darajarka, amma jarida ba ta da mai jan riga. Don haka nake shelanta wa Kankiya da Kusada da duk lardin Katsina cewa Rufa'i ɗan Malam Bubayero bai faɗi jarrabawa ba. Shi ne zakaranmu, kuma duk wanda ya sake kiransa ɗan malam da ya kasa, maƙaryaci ne, ga kuwa hujja a kansa. Ina kuma kira ga hukumar ilimi da ta daina rataya makomar yaro a kan harshen ubansa. Maki ya isa shaida.

Da jama'a suka watse, Rufa'i, wanda yanzu yake noman gyaɗa a Kunduru, ya riƙe hannuna ya ce, "Bari, Lawal. Ranar da sakamako ya zo, Baffa ya sa Inna ta yanka mini zakara, bai ce don me ba. Ni na ji abin da ya ce."

Ya fi ni haƙuri. Ni ban yafe wa waɗanda suka yi shiru ba tukuna.

Ya Allah Ka jiƙan Malam Bubayero, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ilimin da ya shuka ya zama sadaka mai gudana gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Rahamatu, da Hawwa'u da sauran ƙanne, da kai Rufa'i. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tara ku da shi a Aljanna Firdausi. Amin.