Bututun Ruwan Da Na Ɓoye A Ƙarƙashin Fenti

A tsakiyar shekarun tamanin ni matashin mai walda ne, ina da ’yar rumfa a unguwar Trikania a Kaduna, ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe ne abincina. Hannuna yana da kyau, kuma na san da haka, abin da ya cuce ni ke nan. Idan na haɗa ƙofa na bi ta da giranda na shafe da foti, sai ka rantse a haka aka zubo ta. Mu masu ƙofa ido muke yi wa aiki, tunda ƙofa ba gudu take yi ba. Na rubuto wa wannan mujalla ne domin abin ya daɗe yana cin raina, kuma har yau ko matata ban faɗa wa ba.

Wata rana wani dattijo ya tsaya a rumfata. Mutumin kudancin Kaduna ne, ya yi shekaru yana kanikanci a wani kamfanin haɗa motoci kafin a rage ma’aikata, kowa Baba yake ce masa. Ya ɗaga wata taga da na gama, bai kalli fuskarta ba, bayanta ya juya inda ba a gogewa. Ya ce in ina son aikin da zai sa ni gumi in same shi a gidansa a Narayi. Da na je na iske ya tuɓe wata tsohuwar a-kori-kura a garejinsa, kowane noti yana cikin gwangwanin madara da rubutu a jiki. Wai so yake ya shiga tseren motoci na daji, wanda ake bi ta burji da rafuka, inda Turawan kamfanoni da ’ya’yan masu hali suke zuwa da motocin da aka shigo musu da su. ’Yan unguwa suna cewa zaman banza ya taɓa shi. Matarsa, Mama, takan leƙo ta ce in motar ta tashi a fara kai ta kasuwa ta ɗauko doya.

Wallahi ban taɓa ganin mai aiki irin Baba ba, kuma ban sake gani ba. A lokacin da kayan gyara suka yi wuya, da tarkacen kasuwar Panteka ya ɗaga motar sama, ya ninka mata shokozoba, ya mayar da tankin mai baya, ya shimfiɗa farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin saboda duwatsu. Yakan ɗora sukuddireba a jikin inji ya kara kunnensa ya gaya maka inda ciwon yake. Ba ya sauri, ba ya tsawa. In lokacin salla ya yi shi ne zai kashe inji ya ce Malam, je ka gaida Ubangiji, ƙarfe zai jira. Nawa aikin shi ne kejin da ake haɗawa a cikin mota domin ya kare direba in ta kife. Baba ya sha yawo kafin ya samo bututun da ya dace, mai kauri, marar ɗinki a jiki. Doka ɗaya ya kafa min: kada in goge walda, kada in shafa fenti, sai ya zo ya buga da guduma ya ji ƙararta.

Wata huɗu muna haka, har ya fara bar min mabuɗi. Wata Lahadi sun tafi coci, saura bututu ɗaya a gabana, wanda zai bi ta saman kafaɗar direba. Tef ɗin awo yana rataye kusa da ni, amma na auna da ido kamar yadda na saba a rumfa, na sa zarto. Ya gaza da kusan yatsa uku. Gumi ya karyo min. Ba tsoron faɗa nake ba, Baba ba ya faɗa. Kunyar ya gane ni mai ƙofa ne kawai ita ta rufe min ido. Na hau kekena na ɗauko bututun ruwa mai faɗi iri ɗaya daga rumfata, na ɗora, na goge, na shafe kejin gaba ɗaya da jan fenti. Da ya dawo na ce hadari na gani, na ji tsoron tsatsa. Ya ɗauki gudumar, ya dube ni, sai ya ajiye. Ya ce hannun da ya kalla wata huɗu ya wuce a bi bayansa da guduma. Na yi dariyar yaƙe.

Sati uku kafin tseren muka fita gwaji a dajin da ke bayan Narayi, rabin unguwa suka biyo mu, Baba shi kaɗai a motar yana tuƙi. Motar ta yi abin da ba wanda ya zata, tana tsallake kwazazzabo kamar akuya, waɗanda suka ce ya zautu su ne kan gaba wajen tafi. A zagaye na huɗu ta taka bakin wani rami ta wuntsila sau biyu. Duk kejin ya tsaya daram, sai wuri ɗaya. Bututuna ya tsage a kan ɗinkinsa ya lotsa kan kafaɗar Baba ta dama. Baba ya rayu, amma hannun bai sake ɗaga sifana ba. Ina zuwa asibiti kullum ina jin yana gaya wa masu dubiya wai shi ya shiga ramin da ganganci irin na tsufa. Mama kuma tana ta sa min albarka, tana cewa kejina ne ya ceci mijinta.

Bayan an sallame shi ya aiko in zo. Na same shi a garejin, guntun bututun nan a kan cinyarsa, ya kankare fentin da hannun hagu. Ban jira ya tambaya ba, na durƙusa na faɗi komai ina hawaye. Ya ce in tashi, shi ma da laifinsa tunda ya ajiye guduma. Sannan ya ce in taka benci in leƙa saman silin. Na leƙa. Bututu biyu ne sababbi, naɗe a buhu, irin wanda na lalata. Ya ce duk mai yanka ƙarfe wata rana zai yanka ba daidai ba, shi ya sa tun farko ya ajiye su. Da a ce na buɗe baki na faɗa masa a ranar, da aikin minti goma ne. Bai kuma taɓa gaya wa Mama ba har ya bar duniya.

Abin da na koya shi ne, kuskuren yanka bai raunata kowa ba, ɓoyewar ce ta yi. Girman kai rawanin tsiya ne, ni na naɗa, wani ya biya da hannunsa. Ina roƙon ’yan’uwana masu sana’a, musamman waɗanda ran mutum zai hau kan aikinsu: in ka ɓata, ka faɗa tun kafin ka ɗauko fenti. Kunyar ba ta wuce yini guda. Ni tawa na guje mata ranar Lahadi ɗaya, ga shi na tsufa ina ɗauke da ita.